Ɓarauniyar Silifas da Baƙin Romon Kaka

Masu cewa in daina ja musu rai, na ji ku. Musamman ke mai hoton fulawa a shafinki, da kika rubuto cewa idan ban faɗi yadda aka kwashe da Radek ba kin daina karanta ni. Gyara zama, 'yar uwa, yau za ki ji har ki ƙoshi. Sabbin zuwa kuma sannunku. Sunana Bogna, ina gyaran gashi a wani ƙaramin shago a Torun, ina zaune a hawa na uku da Mama da kakata Henrika, kuma na faɗa son Radek, wani direban bas wanda rigarsa take warin dabba.

A gidanmu namiji bai zama saurayi ba sai ya ci abincin ranar Lahadi a teburin Kaka. Tun kafin a kawo nama ya san matsayinsa, don romon da aka fara ajiye masa shi ne amsa. Idan farin romon kaza ne da siraran taliya, an karɓe shi. Idan kuwa baƙin romo ne, na jinin agwagwa da ruwan tsami da busassun 'ya'yan itace, to ya sha, ya goge baki, ya nemi hularsa. Na san za ku ce ai wannan al'ada ta mutu tun zamanin keken doki. Ta mutu a ko'ina, ban da kicin ɗin Kaka. Da idona na ga ta ajiye shi a gaban wanda ya zo neman 'yar kawuna, mutum mai gashin baki da sabuwar mota. Ya sha yana gumi, bai sake hawo matakalarmu ba.

Babu dokar da ta ce sai na bi. Na girma, ina da aikina, idan na ga dama gobe sai in haɗa akwati. Amma matar nan ita ta raine ni lokacin da Mama take yawon aiki a ƙasar Jamus, ita ta riƙe min kai duk zazzaɓin da na yi, a kan gashinta na koyi riƙe almakashi. Ba zan iya tsayawa a coci da farar riga ba alhali tana zaune a gida ta juya wa taga baya. Don haka a wurina romon nan shi ne komai. Mama kuwa addu'arta baƙi ya fito, saboda tana da nata ɗan takarar, ɗan ƙawarta likitan haƙori, wanda idan yana yi maka magana bakinka yake kallo ba idonka ba.

An riga an sa Lahadin da Radek zai zo, sai babansa ya faɗo daga tsani a ƙauye ya karya ƙafa. Ina cikin wanke wa wata mata kai saƙonsa ya shigo.

"Zan tafi ƙauye in dawo ranar Lahadi da safe. Amma Kluska."

"Ka tafi da ita mana."

"Baba yana kiwon zomaye, Bogna. Kina so in je jinya in dawo da zaman makoki?"

"Gidanmu fa kake nufi? Gidan Kaka?"

Sai ya turo hoton Kluska, 'yar dabbar da yake kiwo, tana kwance cikin hannun rigar sanyinsa, kanta ya leƙo ta wuyan hannu. Mugu. Ya san lagona.

Ga waɗanda ba su taɓa zama da fretka ba, ku ɗauki kyanwa ku ja ta har ta yi tsawo, ku rage mata ƙafafu, ku zana mata baƙi a zagayen ido irin na ɓarayi, ku cire mata kunya gaba ɗaya. Kluska ke nan. Ranar da na fara zuwa ɗakin Radek ta shige cikin jakata ta fito da soson hodata a baki, ta gudu da shi bayan kujera, har yau ban sake ganinsa ba. Warinta kuwa ba na ƙazanta ba ne, wani wari ne mai nauyi kamar na tsohon bargo da aka zuba wa zuma. Da farko toshe hanci nake yi. Yanzu idan na ji shi a wuyan rigar Radek sai in ji hankalina ya kwanta, ku yi min dariya idan kun ga dama.

A jakar motsa jiki na shigo da ita gida, kejinta kuma a naɗe, na ce wa Mama abin shanya tawul ne na shago. Radek ya cika min waya da dokoki kamar mai ba da riƙon jariri. Kada a ba ta madara, kada a ba ta kayan zaƙi, ɗanyen zuciyar kaza da gwaiduwar ƙwai take so. Kada in bar roba a ƙasa, za ta haɗiye. In leƙa injin wanki kafin in kunna. Kada in yi mata wanka don wari, ƙara shi zai yi. Duk lungun da ta ja da baya ta shiga, in sa mata kwanon yashi a wurin, don ita ke zaɓar bayan gidanta ba ni ba.

Yawancin yini barci take yi, shi ya ruɗe ni na zaci abin zai zo da sauƙi. Amma idan ta farka sai ka ce an sako mahaukaciya. Ta gantsare baya, ta buɗe baki, ta riƙa tsalle a kaikaice tana kuk-kuk-kuk, ta bugu da ƙafar gado ta faɗi ta tashi ta ci gaba. Ta tone min tukunyar fulawa, ta ciji babban yatsan ƙafata ta cikin safa, ta kwana a cikin takalmina na sanyi. Ban taɓa barinta a keji idan zan fita ba, tausayi nake ji. Abin da ban sani ba shi ne ƙofar ɗakina tana da 'yar tazara a ƙasa, kuma duk inda kan Kluska ya shiga sauran jikin ma zai bi.

Silifas ɗin Kaka ne ya fara ɓata, na ƙafar hagu. Sai gidan gilashinta. Sai dunƙulen ulu da take saƙa wa Mama safa da shi, sai soson wanke-wanke, sai ɗaya daga cikin silifas ɗin baƙi da muke jerawa a bakin ƙofa. Da farko Kaka ta ɗora wa Mama laifi, suka yi ta cacar baki a kan wa ya fi wani sakaci, ni kuwa ina tauna burodi ina kallon rufi. Daga baya sai Kaka ta daina faɗa. Wata safiya na same ta a tsaye a kicin da silifas ɗaya a ƙafa, tana kallon cikin tanda.

"Bognusha," ta ce, ba ta juyo ba, "jiya sau biyu na sa gishiri a miya?"

"A'a, Kaka, daidai ya yi."

"Haka Yadwiga ta fara. Takalmi a tanda, cokali a aljihu."

Yadwiga ƙanwarta ce, wadda ta rasu ba ta gane kowa ba. Kaka ta rufe tandan a hankali, ta ce idan nata ya zo kada mu kai ta gidan tsofaffi, mu bar ta a ɗakinta ko da ba ta san namu sunan ba. Zuciyata ta karye. Na buɗe baki zan faɗa, na tuna Lahadi, na ce a raina idan na dawo daga aiki zan faɗa mata cikin natsuwa. Matsoraciya ce ni, ba sai kun rubuto kun gaya min ba.

Ashe matar ƙauye ba ta yarda da taɓin hankalinta haka nan ba tare da bincike ba. Ina fita ta barbaɗa garin fulawa a tsakar falo tun daga ƙofarta har ƙofata, ta koma ta zauna da saƙarta. Da na dawo na tarar da kayan sata a jere a kan tebur, har da wata rigar nono tawa da ban san ta ɓata ba da rabin tsiran alade da ya fara kore. Sawun da ya fito a kan garin ne ya kai ta ƙarƙashin kabad ɗina, a nan aka haƙo su. Kaka tana tsaye da tsintsiya, Kluska kuma tana gabanta tana rawar nan tata, ta ɗauka wasa aka zo yi da ita.

"Bodari," in ji Kaka. "A cikin gidana."

"Ba bodari ba ce, Kaka, fretka ce, ta gida ce, har allurar rigakafi—"

"Na san wannan fuskar. Kakanta ne ya shiga akurkinmu ya kashe min kaji har da mai kwanci, ko ɗaya bai ci ba. Ta wa ce?"

"Ta Radek."

"Direban."

"Shi."

"Wato mutumin da zai zauna a teburina ya fara turo ɓarawo ya duba masa gidan."

Mama da ke jingine a bakin ƙofa ta ce ita dama tun ranar farko ta ji wari, kuma likitan haƙori ko kifin ado ba ya ajiyewa. Kaka ta yanke hukunci cewa dabbar za ta zauna zuwa Lahadi, don ita ba ta jefar da mai rai a titi, amma a toshe ƙasan ƙofata da tawul. Washegari ina shafa kwalli na ji ta a waya da matar da ke kawo mata tsuntsaye daga ƙauye. Agwagwa take so, babba, kuma a tara mata jinin a kwalba da ruwan tsami kada ya daskare. Kwallin ya zame min har kunci. Mama kuwa ranar da waƙa ta goge tagogi.

Ban gaya wa Radek ba. Yana can yana ɗaukar babansa zuwa bayan gida yana yanka wa zomaye ciyawa, yana turo min hoton riguna biyu a kan gado.

"Shuɗiya ko fara?"

"Fara."

"Wace fulawa kakarki take so?"

"Kowace."

"Lafiya kuwa? Amsoshinki sun gajarce."

"Aiki ne. Kluska tana gaishe ka."

"Ta saci me yau?"

Na kife wayar a kan tebur na tafi na yi wa wata amarya gwajin gashi.

Akwai abubuwan da na gani a kwanakin nan ban ba su muhimmanci ba. Kofi cike da farin ƙwai a firij, babu gwaiduwa, Kaka ta ce na kek ne. Tawul ɗin ƙasan ƙofata kullum na dawo ba yadda na bar shi yake ba. Da na tambaya ta ce dole ta riƙa leƙawa, kada abin ya cinye mata bangon gida. Rannan na dawo da wuri, tun daga matakala na ji muryarta tana cewa, "Sauko daga nan, mara kunya, sauko in gani," da irin muryar da take yi min lokacin da nake hawa kan kabad neman alewa. Na ɗauka faɗa ne.

Ranar Asabar shagonmu ba masaka tsinke, amare da iyayen amare kowa tana so a fara da ita. Ina tsaka da shafa wa wata rini saƙon Mama ya shigo: "Ki zo gida yanzu. Kaka." Na bar matar da rabin kai na fita da safar roba a hannu. Duk tsawon hanya Yadwiga nake tunawa.

Na same ta a zaune a kicin, lafiyarta ƙalau, sai dai ta ɗaura baƙin ɗankwalin da take zuwa jana'iza da shi. A kan tebur ga kwalin takalmi, an shimfiɗa masa farin adikon nan mai aikin hannu da ba a fito da shi sai Kirsimeti, ga kyandir yana ci. Kluska tana kwance a ciki, kanta ya langaɓe gefe, baki a ɗan buɗe. Mama ce ta ba ni labari ƙasa-ƙasa. Kaka ta zauna a kujerarta ta fere dankali, ta daɗe a zaune, da ta tashi ta ɗaga bargon kujerar sai ga dabba a ƙarƙashi. Ta girgiza ta, ta kira sunanta, ta yayyafa mata ruwa, ta ɗaga ta sama jikin ya saki kamar jiƙaƙƙiyar safa.

Na sa hannu na ɗauke ta. Jikinta da ɗumi, hancinta ja-ja yadda yake kullum, cikinta yana ɗagawa a hankali ƙarƙashin yatsana. Barci take yi. Haka suke, wani lokaci su yi irin barcin da ko ka juya su ka buga ganga ba za su motsa ba. Ni ma ta taɓa yi min a ɗakin Radek, na yi kuka har da majina, shi kuma yana riƙe ciki yana dariya, ya ɗiga mata man kifi a hanci ta miƙe tana lashe baki.

Na ɗago zan ce Kaka kwantar da hankalinki, sai ta riga ni.

"Na kashe wa yaron nan dabbarsa," ta ce. "Amana ya bari, na zauna a kanta. Da wane ido zan ajiye masa baƙin romo? Ki sa agwagwar nan a ƙanƙara, ki je ki sayo min kaza."

Sai na rufe bakina.

E, na rufe shi. Ku zage ni a ƙasa, akwai wurin rubutu. A cikin ƙiftawar ido na gama tsara komai. In fita da kwalin kamar zan je binnewa, in kai ta gidan ƙawata, gobe a sha farin romo, bayan an sa ranar aure sai mu ce likitan dabbobi ya yi abin al'ajabi. Na mayar da ita cikin kwalin, na saisaita muryata irin ta gidan makoki, na ce, "Ba laifinki ba ne, Kaka, kwananta ne ya ƙare."

Ta girgiza kai. Sai ga hawaye, Kaka da ko a jana'izar Yadwiga ban ga hawayenta ba. Ta ce ita ke buɗe mata ƙofa kullum idan mun fita. Ita ke ba ta gwaiduwa a cokalin shayi. Ta ce tun da na fara aiki gidan nan ya yi shiru, daga ita sai agogo, sai ga wannan 'yar banza ta zo tana bin ta kicin tana jan igiyar rigar girkinta. Ta sunkuya ta cire silifas ɗinta na hagu, wanda duk gefensa ya sha haƙori, ta sa a cikin kwalin.

"A binne ta da shi," ta ce. "Tana son sa."

Ban sani ba ko warin silifas ɗin ne. Kluska ta yi wata doguwar hamma har ana ganin maƙogwaronta, ta miƙe ƙafafun gaba, ta buɗe ido ɗaya, ta cafki silifas ɗin ta fara ja da baya da shi. Mama ta ƙwalla ƙara ta yi baya ta ture kwanon dankali. Kaka ta yi alamar gicciye, ta sure dabbar da silifas ɗin gaba ɗaya ta matse a ƙirji, tana dariya tana zaginta, ɗankwalin ya zame mata. Na yi ƙoƙarin yin fuskar mamaki, amma na makara. Ta saman kan Kluska take kallona.

"Ba ki firgita ba," ta ce.

"Na firgita mana, Kaka."

"Uwarki ta yi ihu, ni na kusa faɗuwa. Ke ko gezau. Tun da kika taɓa ta kin sani."

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta hure kyandir ɗin, ta naɗe adikonta, ta ce in fita mata daga kicin.

Ranar Lahadi daga coci ta wuce kicin ta turo ƙofa, ko Mama ba ta bari ta shiga ba. Na sa koriyar rigata mai ƙananan maɓallai, na cire, na sa mai ruwan toka, na koma koriyar. Na naɗe gashina na warware. Na je na durƙusa a bakin ƙofar kicin kamar Kluska ina shinshina, sai ƙamshin ruwan tsami da dafaffun 'ya'yan itace ya daki hancina. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado, na rubuta wa Radek "kada ka zo," na goge.

Ya iso da farar rigar da kwat ɗin da ya sa a bikin ƙanwarsa, hannun kwat ɗin ya yi masa kaɗan, gashinsa a jiƙe an taje shi gefe kamar ɗan makaranta. Fulawa biyu ya riƙo, ɗaya ta Kaka ɗaya ta Mama, da kwalin kek a hammata. Ya sunkuya ya sumbaci hannun Kaka ya ce, "Pani Henrika, na gode da gayyata." Da Pani muke girmama mace a wurinmu, namiji kuma Pan. Mama ta tura masa silifas ɗin baƙi, mai tabon haƙori ta zaɓo masa da gangan. Yana magana sai aljihun rigar girkin Kaka ya motsa, wani ƙaramin kai ya leƙo. Radek ya kalli aljihun, ya kalle ni, na kalli ƙasa.

An shimfiɗa farin zane a tebur, an fito da farantai masu bakin zinariya. Kaka ba ta kawo tukunyar tsakiyar tebur yadda ta saba ba, ɗaya bayan ɗaya ta riƙa fitowa da farantan. Na Mama fari. Nata fari. Ta koma ta daɗe, sai ta fito ta ajiye a gaban Radek, farin romo, mai yana yawo a sama, taliya da karas da ɗanyen ganye. Na riƙe gefen kujera don kada in tashi in rungume ta. Fuskar Mama ta yi kamar ta tauna lemon tsami.

Sai ta koma ta fito da na ƙarshe ta ajiye a gabana, baƙi ƙirin, yana tururi.

"Kaka," na ce, "ai mace ba a ba ta."

"Yau an fara."

Ta zauna, ta gyara adiko a cinya, ta juya ga Radek. Ta ce masa dabbar da ta yi ƙiba haka, gashinta yana sheƙi, ba ta tsoron hannun mutum, mai ita ba mugu ba ne, wannan ita ta sani tun tana kiwo. Daga nan ta ba shi labarin jiya tas, kwali da kyandir da silifas, ba ta rage komai ba.

"Kai na karɓe ka, Pan Radek," ta ce. "Ita ce ban ba ka ba. Ta tsaya tana kallo ina kuka a kan dabba mai rai, don ta samu abin da take so. Wadda ta iya yi wa matar da ta raine ta haka, wata rana kai za ta yi wa. Ka je ka yi tunani."

Na sha jin kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin wannan ba, don gaskiya ta faɗa kuma a gaban wanda nake so ya ɗauke ni mutuniyar kirki. Idona ya cika. Na ɗauki cokali, na ce a raina zan shanye shi tas ko da zan amayar da shi. Kafin cokalin ya taɓa romon, hannun Radek ya tsallako tebur da gajeren hannun kwat ɗinsa, ya janye farantina zuwa gabansa, ya turo min nasa.

"Yaro," in ji Mama, "ka san abin da kake yi kuwa?"

Ya fara sha. Radek da ko hanta ba ya ci. Ina ganin maƙogwaronsa yana kokawa da kowane cokali, kunnuwansa sun yi ja, amma bai tsaya ba sai da ya karkata farantin ya kwashe na ƙasa.

"Wanda ya sha wannan a teburina ba ya dawowa," in ji Kaka.

"Na sani, Pani Henrika." Ya goge baki. "Amma saboda ni ta yi. Rabin laifin nawa ne, ni na kawo ɓarauniya gidan mutane. Sauran rabin na ɓarauniyar ne, ita kuma ba ta shan tsami. Lahadi mai zuwa zan zo in ƙwanƙwasa, ko me aka dafa."

Kaka ta ce wa Mama ta miƙo dankali. Aka ci agwagwa, aka ci kek, aka yi hirar ƙafar babansa da farashin abincin zomaye kamar ba abin da ya faru. Ni dai farin romon nan da na yi mako ina mafarkinsa ko ɗanɗanonsa ban ji ba. Da ya tashi tafiya ya ɗauko jakar Kluska ya nufi aljihun Kaka, sai ta dafe aljihun da hannu.

"Ina za ka da ita?"

"Gida, Pani Henrika."

"Barci take yi. A gidan nan mun daina tashin mai barci."

Haka ya sauka matakala da jaka babu komai a ciki. Bai kai ƙasa ba saƙonsa ya shigo: "Cikina yana juyawa. An kore ni ne ko an karɓe ni?" Na rubuta masa cewa ni ma ban sani ba.

Na tattara farantai na shiga wanke-wanke. Can sai ga Kaka ta zo ta tsaya kusa da ni da tawul, ina wankewa tana gogewa. Da muka zo kan farantin baƙin romon na kasa daurewa.

"Kaka, ki yafe min."

"Ban gama fushi ba tukuna."

Ta goge farantin ta ajiye. Ta zaro Kluska daga aljihu ta saɓa ta a kafaɗa kamar tawul, ta kwance igiyar rigar girkinta, rigar da tun kafin a haifi Mama babu wadda ta taɓa ɗaura ta ranar Lahadi sai ita. Ta rataya min a wuya, ta juya ni, ta ɗaure min ta baya da ƙarfi har sai da numfashina ya tsaya.

"Lahadi mai zuwa ke za ki shiga kicin, ni ba zan taɓa tukunya ba. Mijinki ne ba nawa ba. Ki dafa masa amsarki, ki ajiye masa da hannunki a gabana." Ta kai bakin ƙofa ta juyo. "Idan gishiri ya yi yawa kuma, kada ki ɗora wa dabba."

Na tsaya a gaban famfo da rigar girki mai warin fretka ina kuka ina dariya, ruwa yana ta zuba. Sai da na natsu wani abu ya faɗo min. Ni Bogna ko ƙwai na dafa sai ya fashe. Don Allah wadda ta san yadda ake dafa romon kaza ya fito fari tas ba tare da ya yi duhu ba ta rubuto min, don idan nawa ya ƙone ya yi baƙi a gaban Kaka, ban san da wane baki zan yi wa Radek bayani ba.